Dala Tara

Ƙarfe biyun dare, wuta ta ɗauke a Bagalam,
fitilar waya kaɗai ta rage a kan kaye.
Dama da hagu sun ƙi jituwa.
Dala tara ce ta ɓace a tsakani,
kuɗin da bai kai na kabu-kabu zuwa bakin kasuwa ba,
ga shi ya hana ni runtsawa.

Malam Nomau, ranar da ya fara ɗaukar mu,
alli a yatsa, gumi a wuyan riga,
ya ce: "Lissafi ba ya ƙarya, kunya gare shi.
Abin da ya ƙi faɗi a fili, ku duba ƙasan shafi."
Ya zana kamfani uwa da 'ya'yanta uku,
ya ce a juye su tukunya guda,
a tsame abin da uwa ta sayar wa ɗiya,
don hannun dama ba ya cin ribar hagu.

Mun koyi yadda mota ke tsufa a takarda
tun ba ta gaji da hanyar Ɗan Isa ba:
kashi ɗaya cikin biyar kowace shekara,
har ta koma sifiri.
Na yi dariya ni kaɗai a bencin baya.
Motar babana a littafi ta mutu tun ina firamare,
shekaranjiya ta sauke buhu tamanin na aya
tana tari, tana hayaƙi, amma da ƙafarta ta zo.

Ran da muka kai babin bashin da ake shakka,
na tafi rumfarsa da sabon ilimi a ka.
Littafinsa duk maiƙo, zare ya ɗaure bangon.
Shafi na tara: Labo na Tibiri,
jaka ɗari da arba'in, shekara shida ba motsi.
Na ce: "Baba, irin wannan tanadi ake ware masa,
in ya daɗe a soke, a huta."

Bai ɗago ba. Yana tsince tsakuwa daga tiya.
"Shekarar da gulbi ya ci sitona, Tsahara,
wa ya ba ni buhu goma ba shaida, ba takarda?"
Ya hure ƙaiƙayi.
"Ba jiran kuɗin nake ba.
Ran da na ja layi a kan sunansa,
ran nan na ce masa ba zai ƙara tashi ba."

Na rufe littafin. Na ɗaure zaren yadda na same shi.

A jarrabawa tambaya ta huɗu ta ce:
an sayi kamfani fiye da kimar kayan da ke ciki,
ina za a ajiye rarar?
Na san lambar asusun, na rubuta, na ci makina.
Amma bik ɗina ya ɗan tsaya,
don na san rumfa mai kwano shida da sikeli ɗaya
wadda fatake ke wuce goma su zo gare ta,
kuma ba layin da zai ɗauki dalilin.

Yanzu sauro na kiɗa, zakara na gyaran murya.
Sai maganar Malam ta faɗo mini:
in ratar ta rabu da tara ba saura,
lambobi biyu ne suka yi musanyar mazauni.
Na bi layi da yatsa, kamar mai tsintar aya.
Ga ta: saba'in da biyu na rubuta ashirin da bakwai.

Na gyara. Dama ta dubi hagu, suka yi shiru.
Ladan ya kira assalatu.
Can ƙofar gida na ji Baba na lallashin mamaciyar motarsa,
sau ɗaya, sau biyu,
ta tashi.